Baƙin Zakara da Fara Mai Yayyafi

Dutsi, kusa da Daura.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Nura da yara. Allah Ya sauke ku Jalingo lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya, na ƙarfe da na mutum, Ya sa garin ya karɓe ku, Ya sa canjin wurin aikin nan da aka yi masa ya zama alheri gare ku duka.

Za ki yi mamakin takarda daga mutumin da kike zuwa gidansa safe da yamma tun rasuwar mahaifiyarki. Ƙirjina ne ba ya barina in kai ƙarshen magana. In na fara sai tari ya tare ni, ki ruga ɗebo ruwa, kafin ki dawo ko na manta inda na tsaya ko kin sa kuka. Da alƙalami kuwa sai in huta in ci gaba, ba mai katse ni. Hannun ya tsufa, amma malaman da suka koya mana rubutu a elementare da bulala suka koya, rubutun bai gudu duka ba.

Kin roƙe ni in ba ki ƙananan kajina guda biyu, masu ruwan toka, ki tafi da su don tunawa da gida. Kwandon yana zaure, na rufe shi da tsohon buhu. In kin buɗe ba za ki ga mai ruwan toka ko ɗaya ba. Baƙin zakara za ki gani, da farar kazar nan mai yayyafin baƙi a baya, wadda kika ce kamar an yarfa mata tawada. Ba tsufa ne ya sa na kama ba daidai ba, ba kuma rowa ba ce. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɓata rai.

Ran Juma'a, kina can kina ɗaure kaya, yayanki Sabi'u ya zo daga Katsina. Ya zauna a zaure, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yadda yake yi in ya riga ya yanke magana tun a mota.

Ya ce, "Baba, likita ya faɗa, ƙurar akurkin nan ce ke cin ƙirjinka. Ga Uwani za ta tafi. Wa zai riƙa duba ka? Na gyara maka ɗaki, har fanka na sa. Kajin kuma ran kasuwar Mai'adua zan turo mai saye ya kwashe su gaba ɗaya."

Na ce, "Ka tambaye ni ko na sayarwa ne?"

Ya ce, "Baba, kaji ne fa. Kajin ma da ba su fi kurciya ba. Ko miya ba sa yi."

Na ce, "Kai ma da aka haife ka ba miya ka yi ba, aka bar ka."

Ya yi dariya, amma bai janye ba. Ya ce tsufa ya fara taɓa min tunani, tunda mai cikakken hankali ba zai zaɓi kaza ya bar numfashinsa ba. Yadda muka ƙare zan faɗa miki a ƙasa, domin ke ce a tsakiyar maganar. Amma sai na fara da kurakuran da na yi a kan kajin nan, don kada ki maimaita su a garin da ba ni kusa.

Ba a haife ki ba lokacin da na samo su. Ina koyarwa a firamare a wajen Mai'adua, wani mutum daga tsallaken iyaka ya zo kasuwa da su a ɗan keji, zakara da kaza, ƙanana, masu tafiya da ƙirji a gaba kamar su ke da garin. Launinsu na tokar murhu ne da safe, kowane gashi kuma da baƙin zare a bakinsa kamar aikin wuyan riga. Na tsaya a kansu har abokan tafiyata suka bar ni. Na kawo su gida da niyya ɗaya, in tara garke wanda duk mai ruwan toka ne.

Kazar ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe. Wajen rabi suka fito toka. Sauran kuwa wasu baƙaƙe, wasu farare masu ɗigo-ɗigo. Na ce uwa toka, uba toka, ina baƙi ya fito? Sai na ɗaga ido na ga katangar maƙwabcinmu Malam Idi mai yadi, Allah Ya jiƙansa, ga ƙaton baƙin zakaransa a kai yana cara. Ban yi wani bincike ba, na saka takalmi na same shi a rumfarsa, gaban mutane.

Na ce, "Malam Idi, ka ɗaure zakaranka, ya ɓata min iri."

Ya ajiye almakashi ya dube ni. Ya ce, "Malam na boko, zakarana ya kusa kai ɗan akuya, kazarka kuwa a aljihu za a sa ta. In da ya hau ta ai ba ƙyanƙyasa za ka zo faɗa min ba, ta'aziyya zan zo yi maka."

Rumfa ta kwashe da dariya. Na koma na ƙara wa katanga tsawo da hannuna, damina guda muna gaisawa sama-sama. Kaza ta sake kwanci a bayan doguwar katanga, inda ko ƙadangare sai ya yi dabara, aka sake samun baƙaƙe da farare. Na farkon kuma da suka girma ba wanda ya wuce girman uwarsa. Zakaran Malam Idi ba shi da laifi a wannan, ko da yake ɓarawon hatsi ne, wannan kam har gobe ban janye ba. Shawarata a nan gajera ce. In kin ga abin da ba ki zata ba a cikin akurkinki, ki fara binciken akurkin kafin ki taka gidan maƙwabta. Baƙuwa za ki zama a can, ba ki da Malam Idi da zai mai da abin wasa.

Kuskure na biyu shi ya fi cin shekaru. Na ce to, tunda baƙi da fari suna cikin jininsu, zan tace su kamar yadda ake tace koko. Duk wanda ya fito ba toka ba, in fitar da shi. Kin san garinmu, ba a rasa mai neman baƙar kaza. Wannan ya zo ya ce an ce ya yi sadaka da baƙa wadda ba ta da ɗigon fari, waccan ta aiko a ba ta fara za ta kai wa wani malami. Ni kuwa ina murna, ina bayarwa kyauta, har ana cewa gidan Malam akwai alheri. Ba alheri ba ne, shara nake zubarwa a ganina. Na haɗa toka da toka, 'ya'yansu toka da toka, jikoki haka. Shekara ta bi shekara, abin bai motsa ba ko kaɗan. Kowace ƙyanƙyasa wajen rabi toka, sauran baƙi da fari, kamar ranar farko.

Wata shekara masu sadaka suka yi ƙaranci, rarar ta taru. Na kwashe na kai wa mahaifiyarki bayan ɗakin girki na ce ta yanka. Ta leƙa ta ce, "Malam, wa zai ɓata itace da ruwan zafi a kan abin da in an fige bai cika ludayi ba? Ka bar su su ci tsakin da ke zuba." A cikinsu akwai baƙin zakara ɗaya da fara mai yayyafi. Ba wanda ya kula da su. Sai ran nan ta kira ni, tana riƙe da muciya, ta ce in zo in ga 'yan korata. Farar ta fito daga bayan turmi da 'yan tsaki a bayanta, kuma duk cikinsu, Uwani, duk, babu wanda ba toka ba.

Na ce zakarana mai toka ne ya tsallaka. Ta ce, "Kai dai kullum wani ne ya tsallaka." Sai na tuna Malam Idi. Na kama baƙin da farar na kulle su su kaɗai, na jira, ta sake kwanci. Duk toka. Na gwada da baƙar kaza da farin zakara mai yayyafi. Duk toka. Abin da na yi shekaru ina nema a gaban gida, a hannun masu sadaka na riƙa sallamarsa.

Ga yadda na fahimci abin, da kalmomina. Kowane ɗan tsako kaso ɗaya yake ɗauka daga uba, kaso ɗaya daga uwa. Toka ba launi ne mai zaman kansa ba, baƙi ne da aka surka, kamar yadda muke ƙara wa tawada ruwa in ta yi kauri. Wanda bai gaji surkin daga kowa ba, baƙi ne. Wanda ya gada daga gefe ɗaya, toka ne. Wanda ya gada daga uwa da uba duka, surkin ya yi yawa, sai ya fito fari da 'yan ɗigon da suka rage, shi ne mai yayyafi. Mai toka kuwa rabi da rabi yake ɗauke da shi, ba ki san wanne zai ba ɗansa ba, shi ya sa toka da toka ba za su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba ko za ki yi shekara ɗari kina tacewa. Amma baƙi ba shi da surkin da zai bayar, mai yayyafi kuma ba ta da abin bayarwa sai shi. Kowane ɗansu kaso ɗaya zai samu, ba ƙari ba ragi.

Don haka, in Allah Ya sa sun ƙyanƙyashe miki masu toka, gida ya cika da kyawawa, zuciyarki za ta ce ki rabu da tsofaffin nan biyu marasa kyan gani. Baƙo zai zo, wuƙa za ta nufi baƙin zakara. Kada ki yarda. Wata za ta shigo da mayafi har ƙasa ta ce rashin lafiya ce, baƙa ake nema don Allah. Ki ba ta hatsi, ki ba ta abin da za ta je kasuwa ta saya, amma kada ki buɗe akurki. Ni yanzu a Dutsi marowaci ake ce min a kan wannan, na kuwa amsa sunan. In masu tokan sun hayayyafa a tsakaninsu, baƙi da mai yayyafi za su sake fitowa. Ki zaɓi baƙin da ya fi duhu, wanda in rana ta taɓa shi yake walƙiyar kore, ki zaɓi mai yayyafin da ta fi tsabta, ki ajiye su. Su ne iri. Masu tokan na kallo ne, su za ki riƙa kyauta da su.

Ban san ko ya dace in ƙara wannan ba, amma zan ƙara. 'Ya'yanki uku ba wanda ya yi kama da wani. Ƙaramin nan mai shiru, wanda dangin ubansa ke cewa ba shi da kuzari, kada ki bari a mai da shi na bayan ɗakin girki. Ban ce zai zama wani abu ba, Allah ne masani. Na dai ce ni na taɓa yanke hukunci da ido, na yi asarar shekaru.

Kuskure na uku shi ne wanda har yau ban gama biyansa ba, kuma ya shafi abin da ke cikin kwandonki. Shekarar da cutar kaji ta shiga gari, masu yayyafina suka mutu duka. Maimakon in yi haƙuri in jira masu toka su fitar min da wata, sai gaggawa ta kai ni kasuwar Daura, na sayo wata 'yar ƙaramar kaza fara fat, ba ɗigo ko ɗaya. Na ce fari ai fari ne. Ashe ba haka ba ne. Farin mai yayyafi baƙi ne da aka surka, kin san abin da ke ƙarƙashinsa. Fari fat kuwa mayafi ne, ba ki san me ya rufe ba. Na haɗa ta da baƙin zakarana, 'ya'ya suka fito wasu da ja a wuya, wasu wake-wake, abin kamar kayan gwanjo. Na fitar da su, amma na bar biyu da suka fito baƙi sosai, don ba ni da wasu. Farin nan ya shige ciki ya kwanta. Sai bayan shekaru, daga iyaye biyu masu launi, ɗan tsako fari fat ya faɗo. Irin wannan farin ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye, kuma ba a gane mai ɗauke da shi da ido. Na bi dangin da na zarga na fitar, ya daɗe bai sake bayyana ba. Amma ba zan rantse miki ya ƙare ba.

Saboda haka in kin buƙaci sabon jini, kuma za ki buƙata don kada 'yan'uwa su yi ta auren juna su raunana, ki kawo baƙin zakara ƙarami, kada ki kawo fari. Kada ki saye shi yana ɗan shila. Ki jira ya fara cara, gashin wuyansa da na kafaɗa su gama fitowa, domin ja a nan yake ɓuya, sai ya balaga yake nuna kansa. Kuma kada 'yan tsaki su tsorata ki a makon farko. Baƙi yakan fito da farin ciki, daga baya ya rufe. Ki bari gashi na gaske ya fito kafin ki ba kowa suna.

Yanzu ga yadda muka ƙare da Sabi'u. Da ya ce tunanina ya taɓu, na tashi da sandata na kai shi gaban kejin da na ware waɗannan biyun. Na ce, "Me za su haifa?"

Ya ce, "Baƙi da fari mana. Ko wake-wake."

Na ce, "Toka za su haifa, duka. Uwani za ta tafi da su Jalingo, inda hannuna ba ya kaiwa. In ƙyanƙyasar farko ta fito da ko ɗaya wanda ba toka ba, ka turo mota, in shiga da ƙafata, ka kira mai sayen kajin. In kuwa duk toka ne, ka yarda da sauran hankali a kaina, ka bar ni a gidan da aka fitar da gawar mahaifiyarka daga cikinsa, kada ka sake kawo min maganar fanka."

Ya ce, "Baba, da gaske?"

Na ce, "Ka taɓa ji na yi wasa da kaji?"

Ya miƙo hannu, ya ce ya yarda. Na ga a fuskarsa yana ganin ya gama da ni cikin sauƙi. Ban faɗa masa zancen farin da ke ɓoye ba. Ke na faɗa wa. In ya fito, ya fito, kuskurena ne ya biyo ni, zan cika alkawari ba tare da na yi wa kowa ƙorafi ba.

Kada ki ɗauka ban san halin da nake ciki ba. Na san daga ɗaki zuwa akurki sai na tsaya a hanya na dafa bango. Na san in kin tafi, gidan nan ba mai cewa "Baba, ka ci abinci?" sai matar Haruna ɗan ƙanena da za ta riƙa aiko da kwano. Maganar likita ma ban ƙaryata ba. Na karɓi takunkumin da ya ba ni, ina sawa in zan shiga wurinsu, shara kuma na yarda Haruna ya riƙa yi, a yayyafa ruwa kafin a share. Wannan na sallama. Abin da ban sallama ba shi ne a ɗauke ni a ajiye a ɗaki mai tayil, a kunna min talabijin, in riƙa jiran a buɗe ƙofa. A nan in gari ya waye akwai masu jirana. In ban fito da tsaki ba, ba su ci ba. Sabi'u yana ƙaunata, na sani, amma bai gane cewa wannan fitowar ce ke tayar da ni daga shimfiɗa ba.

Baƙin zakaran da farar kazar na ware su tun kafin watan nan ya kama, ba zakaran da ya kusance ta sai shi. A mota ki ajiye kwandon inda iska ke shiga, kada a ɗora masa kaya, ki ba su ruwa duk inda aka tsaya salla. In kun isa, Malam Nura ya yi musu keji mai rufi kafin a sake su. Kaza takan riƙe abin zakara a jikinta har mako biyu ko fiye, saboda haka in tsautsayi ya sa na maƙwabta ya same ta, ku soya ƙwan ku ci, ki jira mako uku kafin ki tara mata na kwanci.

Na san ke ma, a ranki, kin fi so in koma Katsina. Na ga yadda kike kallona in ina tari. Kuma ga shi na sa mabuɗin a hannunki. Ba sai kin yi ƙarya ba, ƙofar keji kawai za ki manta a buɗe wata safiya, zakaran unguwa ya gama aikin, 'yan tsaki su fito kala-kala, ki buga wa yayanki waya. Ba wanda zai sani. Na yi tunanin wannan kafin in ɗaure kwandon, kuma na ɗaure. Sunan mahaifiyata na sa miki, ita kuwa ko a kan allura ba ta taɓa cin amana ba. Ki rufe ƙofar. Ranar da suka fito ki ƙirga su a gaban maigidanki, ki kira ni ki faɗa min abin da idonki ya gani, ko wane launi ne. In tari ya hana ni amsawa, ki ci gaba da magana, ina ji.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama, Ya tsare miki mijinki da 'ya'yanki, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari. Ya jiƙan mahaifiyarki da Malam Idi. In da rabon mu sake ganawa, a gidan nan za ki same ni, in sha Allahu, da kwanon tsaki a hannu. Ki yafe min abin da na yi miki, ni na yafe miki duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinki.